Gwauron da ke Cikin Wayar Zulai

Wani ne a Kwatarkwashi, mutum mai tsare gida. A bangon zaurensa an rubuta "Ba a shiga" har wuri biyu. Sai ƙanen matarsa Zulai ya aiko mata da waya daga Gusau, irin wadda ake yi wa tambaya tana ba da amsa. Muryar kuwa ta namiji ce.

Ran nan maigidan ya dawo daga gona, ya iske namiji a tsakar gidansa yana koya wa Zulai yadda ake adana wake kada ya yi ƙwari. Ya tsaya cik.

"Wane ne wanga?"

"Waya ce, Malam."

"Na ga waya. Na cikinta nake tambaya. In ya san kansa, baligi ne. Baligi kuwa ba ya wuce zaurena."

Zulai ta ce ita ba ta rabuwa da wayarta sai da hujja. Ya ce zai kawo hujja.

Ya kai wayar zaure, ya shimfiɗa mata tabarma, ya zauna nesa kaɗan.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Da me zan taimaka maka?"

"Ina iyali?"

"Ba ni da iyali."

Ya dafe ƙirji. "Gwauro ne ma!"

Ran kasuwar Bungudu ya kai ta wurin amininsa Buba, mai kiwon shanu. Buba ya ce, "Abu mai sauƙi. Duk mai rai yana tsoron sanda." Ya ajiye wayar a ƙasa, ya ɗaga sanda, ya kawo duka, ya tsaya dab da gilashi. Waya ko gezau.

Buba ya jinjina kai. "Ko dai ba kowa ciki, ko kuma ya sha sharo tun yana yaro."

"Gwauro, kuma jarumi," in ji mutumin. Ranar ko fura bai iya sha ba.

Ya wuce Sabon Gari a Gusau wurin mai gyaran waya. Mai gyara ya ce, "Baba, waɗanda suka ƙera abin ma har yau gwaji suke yi, ba su daidaita a kan ko akwai wani a ciki ba. Ka tambaye shi mana."

Ya tambaya. Waya ta ce, "Na koyi magana ne daga rubutun mutane. Ko ina jin wani abu a cikina, ba zan iya tabbatar maka ba."

Mutumin ya dubi mai gyara. "Ka ji ko? Har ya iya kare kansa."

Da ya koma gida ya yanke shawarar gwada shi da yunwa. Ya kulle wayar cikin rumbu, kwana uku ba caji. Ran na huɗu ya buɗe, ya iske fuskarta baƙa ƙirin. Ya yi sallama, shiru. Ya girgiza, shiru. Ya fito yana salati, yana tambayar maƙwabta ko akwai kaffara a kansa. Wani ya ce ya fara kai ta wurin mai caji tukuna.

Ta yi awa ɗaya a jone, ta kawo haske.

"Sannu. Da me zan taimaka maka?"

Ya ruga gida ya kwashe duka ya faɗa wa Zulai. Tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta miƙa hannu.

"Kwana uku bai ci ba, ya tashi bai yi wa kowa masifa ba, har yana neman aikin da zai taya? Ba ni wayata, Malam. Wanga ba namiji ba ne."