Ranar da Na Gyara Butar da Ba Ta Lalace Ba

Har in koma ga Allah ba zan manta da shekarar da ruwa ya cika Harami har wasu suka yi ɗawafi da iyo ba. Lokacin ina aiki a maƙerar Baba Habu a unguwar Jarwal, ba nisa da Haramin. Idonsa ya fara rauni, ya ce zai bar mini maƙerar in ya ga hannuna ya nuna.

Bayan ruwa ya janye, wani attajiri, Shehi Abdurrahim, ya aiko da butar azurfa da laka ta ɓata. A wanke kawai aka ce (ado ce, ba ya sha da ita). Baba ya miƙa mini, ya tafi duba ɗan'uwansa.

Na wanke, sai tausayi ya kama ni. Jikinta duk lotse-lotse, kamar an jefe ta da tsakuwa. Ga kifaye da ƙaguwa da fara na jan ƙarfe manne a gefe, sun yi baƙi. Na ce wane mugun maƙeri ne wannan? Kwana biyu ina bugu, ina goga da magagari, har ta yi sumul, ina ganin haƙorana a jiki.

Da Shehi ya zo, daidai lokacin da Baba ya dawo, ni na miƙa masa da hannu biyu, ina murmushi.

Ya juya ta, ya dubi Baba, wanda yake kira Ammi, wato baffa da Larabci. "Ya Ammi Habu, ina butata?"

Na yi caraf na ce, "Ita ce, ya Shehi. Har ƙwarin na cire."

Shehi ya zauna a kan buhun gawayi da farar rigarsa. A Amurka aka ƙera ta, in ji shi, tun zamanin mahaifinsa. Turawan can sun haukace da son kayan Japan, suka riƙa lotsa azurfa da gangan don ta yi kama da aikin hannun mutanen nesa.

Baba ya shafa butar ya daɗe. "Hannu ya nuna," ya ce. "Kai ne ɗanye. Ƙara shekara."

Shehi ya yafe, Allah ya saka masa. Maƙerar ma na samu daga baya, kuma tun ranar ba na ɗaga guduma sai na tambayi mai kaya me ke damunsa da kayansa.

Abin da aka rasa dai: kifi uku, fara biyu, ƙaguwa ɗaya, da shekara guda tawa.