Daron da Aka Kashe da Gyara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, Mai Rediyo yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Daron Wata, wanda ya shekara da shekaru a kife a bangon shagonsa, sama da teburin gyara.

Marigayin ya fara rayuwa a matsayin daron wanki. Mai Rediyo, wanda bai yi nisa a makaranta ba amma ba ya barin takarda ta wuce shi, ya karanta cewa tun Wata yana ɗanye manyan duwatsu suka yi ta faɗo masa daga sama, suka bar kwaruruka masu faɗin ƙasa guda, daga baya ƙanana suka zo suka sassari bakinsu. Sai ya kife daron, ya bi tarihin da guduma don ya mai da shi fuskar Wata. Ya fara da manyan kwaruruka, ya zuba musu baƙin fenti a madadin narkakken dutsen da ya cika na Wata, sannan ya bi da kan ƙusa. Duk ramin da ya hau kan wani, ƙanensa ne.

Marigayin mai haƙuri ne. In an buga masa babbar guduma ya ce ƙwam, in ƙusa ce ya ce ƙil, bai taɓa ƙarawa a kai ba. Bai ɓoye tabo ko ɗaya ba, kuma bai manta wanda ya fara dukansa ba.

Ajalinsa ya zo ta hannun ƙanen matar Mai Rediyo, mai gyaran jikin mota. Ya leƙo shagon, ya tarar mai shi ya fita sayen waya, ya ga daro duk a lotse. Tausayi ya kama shi, ya sauke shi ya tafi da shi. Da la'asar ya dawo da shi sumul kamar goshin jariri, yana washe baki, yana cewa ba sai yaya ya gode ba.

Ya rasu ya bar guduma biyu, da gwangwanin fenti, da ƙusar da ya rataya a kai, da uwargida wadda ta riga ta jiƙa kaya a cikin gawar.

Mai Rediyo ya juya maganar ta kowace fuska. Wanda ya yi ɓarna da mugunta, an san hukuncinsa. Amma wanda ya shafe maka aikin shekaru da kyakkyawar niyya, godiya ce ta dace da shi ko ramuwa? Uwargida ta ce ya bar zancen, ai ƙanen mata abokin wasa ne, duk abin da ya shiga tsakaninsu wasa ne. Mai Rediyo ya ga lallai ta yi gaskiya, kuma wannan hukunci ya yi masa daɗi ƙwarai.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a ƙofar garejin ƙanen, daidai inda yake ajiye motarsa da ya gama fesa wa fenti. Ana roƙon masu ta'aziyya kowa ya zo da dutsensa. Masu manya za su fara, masu tsakuwa su biyo baya. Kada kowa ya damu, mai motar ya iya gyara.