Yadda Za Ka Ba Taragon Amininka Jan Kati

Kai da ka shiga ƙungiyar masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa, kana zuwa kowace Asabar amma ba wanda ya san da zamanka, share hawayenka. Ni Vernon Pahlke, sufeton taragai na ƙungiyarmu da ke ɗakin ƙasa na cocin garinmu a nan jihar Wisconsin ta Amurka, na yi maka alkawari: bi matakan nan yadda na jera su, kafin ƙanƙarar bana ta narke sai an riƙa yin tsit idan ka shigo. Na gwada su a kan Delbert Zastrow, aminina tun muna firamare, kuma sun ci.

Delbert ya shekara biyu yana haɗa tarago ɗaya na katako, tsawon tafin hannu, irin na dā mai sanyi, wanda ake zuba wa ƙanƙara ta rufi don kada cuku da man shanu su lalace a hanya. Aikin babansa ke nan a tashar garinmu, tura ƙanƙara. Yanzu tsufa ya sa hannun Delbert ya fara rawa, shi da bakinsa ya ce daga wannan ba zai iya wani ba. Burinsa ɗaya ne: ranar da muke buɗe wa jama'ar gari ƙofa, taragonsa ya zaga layi a cikin babban jirgi. To, ga yadda ake hana irin wannan.

Mataki na 1: Karɓi muƙamin da kowa ke gudu

Kowa so yake ya riƙe akwatin tuƙi, ya busa ƙaho kamar yaro. Bar su. Kai ka ce sufeto kake so. Za su ba ka har da godiya, don ba su san abin da suka yi wa kansu ba. A layin dogo na gaske, idan tarago ya samu matsala ana manna masa kati, a tura shi layin jinya har sai an gyara. Mu ma haka muke yi, katinmu ja ne, kuma a aljihun sufeto yake zama. Mai tuƙi yana tafiyar da jirgi, amma kai ne mai tsayar da shi.

Mataki na 2: Koyi cewa "Uhm"

Sayi gilashin ƙara girma irin wanda ake ɗaurawa a goshi. Idan mutum ya miƙo maka taragonsa yana murmushi, kada ka yaba. Sauke gilashin a hankali, juya taragon, leƙa cikinsa, taɓa ƙusoshin gefe da bakin tsinke kamar kana ƙirgawa. Ba sai ka ƙirga ba. Sannan ka ce "Uhm," ka mayar masa, ka tafi shan kofi. Wallahi sai ya yi mako yana tunanin abin da ka gani.

Mataki na 3: Mai da tarihi kulki

Layinmu a kakar shekarar 1954 yake zaune, a nan muka tsayar da agogo. Duk abin da aka ƙera bayan haka, daga gobe ya zo, kuma ba ma karɓar baƙin gobe. Saboda haka haddace lokacin da aka bar katako aka koma ƙarfe, da lokacin da injin sanyi ya kori masu tura ƙanƙara daga aiki. Ba don ka ji daɗin sani ba, wannan aikin malaman makaranta ne. Don ka samu abin dukan mutane.

Gordy Nyhus, wanda ya yi ritaya daga gyaran famfo, ya taɓa kawo tarago ba katakon takawa a rufinsa, wanda mai birki ke bi ta kai. Na ce, "Gordy, mai birki ta ina zai bi? Tashi zai yi sama?"

Ya ce, "Haba Vern, a haka na saye shi."

Na ce, "Sai bayan shekara goma da wani abu aka daina sa katakon nan. Ka sayo mana gobe a kwali."

Aka yi dariya, Gordy bai yi ba. Idan mutum ɗaya bai yi dariya ba, aikinka ya yi kyau.

Mataki na 4: Hoto ya kori gani

Nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Da Delbert ya kawo taragonsa, na duba na sake dubawa, raina ya ɓaci, don ban samu komai ba. Katakon rufi yana nan, ƙofofin ƙanƙara suna buɗewa, har tsatsar da ya shafa a ƙafafun ta yi daidai. Na ji hassada ƙarara, ba zan ɓoye maka ba, kai ma za ka ji. Idan ta zo, koma kan fenti.

Na ce, "Del, wannan ruwan goro ne. Na kamfanin da ke da taragan nan ruwan ɗorawa ne."

Ya ce, "Kai tafi can. Da idona na gan su, ina kai wa baba abincin rana."

Na zaro tsohon hoton irin taragon daga jaka na ajiye. Ya ɗauka, ya kai kusa da hanci, ya ce, "Vern, hoton nan fari da baƙi ne."

Na ce, "Toka-tokar nan da kake gani, ta ruwan ɗorawa ce. Ta ruwan goro ta fi duhu."

"Ka haukace ne, tsoho?"

"Idon yaro mai jin yunwa ba hujja ba ne."

Riƙe wannan da kyau: hoton da ba launi ya fi kowane hoto amfani, domin abin da ka ce shi zai ce.

Mataki na 5: Toshe kunne idan matarsa ta zo

Za ta zo. Arlene, matar Delbert, ta tare ni a wurin ajiye motoci bayan coci, ko gaisuwa babu.

"Vernon, yatsunsa har jini suka yi a kan abin nan. Zagaye ɗaya kawai. Waye zai mutu?"

Na ce, "Tarihi, Arlene."

Ta ce, "Tarihin gidanku! Wa ya kwashe maka ƙanƙara a ƙofar gida lokacin da aka yi maka aikin gwiwa?"

Kada ka amsa irin wannan tambaya, tarko ce. Ka ce mata sabo da kaza ba ya hana yanka, ka shiga motarka ka kulle. Za ta kira ka da wani suna ta gilashi, ka yi kamar rediyo kake nema.

Mataki na 6: Jira sai ɗaki ya cika

Jan kati a ɓoye asara ne. Ranar buɗe ƙofa, bari mutanen gari su shigo da manyan rigunansu na sanyi, a zuba kofi, a yanka cuku. Bari a jera jirgin. Delbert ya sa sabuwar riga, ya ɗora taragonsa a layi da hannu biyu, ɗaya yana riƙe da ɗaya. Gordy ya kama akwatin tuƙi. A daidai nan na ɗaga hannu, na taka a hankali, na ɗora katin a kan rufin.

Ban taɓa jin shiru mai daɗi irin wannan ba. Delbert ya dube ni, ya dubi katin, ya ce, "Ko sau ɗaya, Vern?"

Na ce, "Doka ce, ba ni ba."

Bai kai shi layin jinya ba. Ya naɗe shi a hularsa, ya hau matakala, Arlene na riƙe da gwiwar hannunsa.

Mataki na 7: Ci moriyar nasararka

Yanzu layinmu ya tsarkaka. Ba tarago ɗaya mai kuskure a kansa. Ba kuma mai gardama, domin Gordy da sauran duk sun koma garejin gidan Delbert, inda suka kafa wani layi abin kunya a kan tsohuwar ƙofa da suka kwantar. Na ji labari can har taragon 1990 ake haɗawa da kan jirgi mai gawayi. Ni kaɗai nake buɗe ɗakin coci ranar Asabar. Jirgi dai ba ya tafiya, don aikin mutum biyu ne, mai tuƙi da mai juya layi. Amma a tsaye ma ya fi sauƙin dubawa.

Gargaɗi

Marubucin nan ya yi alkawarin za a yi maka shiru, bai ce na wane tsawon lokaci ba. Ba ruwansa da matar da ta daina amsa gaisuwarka a kanti, ko wayar da ta daina ƙara. Idan kuma wata Asabar da rana ka tsinci kanka a tsaye cikin ƙanƙara a bayan garejin wani, da kek ɗin tuffa a hannu yana hucewa, kana leƙen tarago ruwan goro yana zagaye, tsofaffi suna ta shewa, ka ɗaga hannu za ka ƙwanƙwasa ka rasa kalmar da za ka fara da ita, kada ka neme ni. Wannan matakin ni ma ban iya shi ba.