Ranar da Na Ce wa Surukina Ni Ma Kiwo Nake Yi

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida Baffan Hauwa'u, wadda nake nema da aure, a gidansa da ke Kontagora. Dattijo ne mai shanu, garkensa na can Bobi. Ni kuwa lokacin ina karatun digiri na biyu. A ɗakin gwaji muke renon ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, muna ɗiga musu magani kaɗan-kaɗan har su saba da shi, don a gano dabararsu tun kafin su gwada ta a jikin mutane.

Hauwa'u ta ce min, "Don Allah ka gaishe shi kawai, ban da dogon surutu." (Ina ma na ji.)

Na durƙusa muka gaisa. Yana zaune a zaure, lulluɓe da bargo da rana tsaka, ƙannensa biyu a gefe. Ya ce, "Samari, mece ce sana'arka?"

Nan son burgewa ya kwashe ni. Na ce, "Baffa, ai ni ma kiwo nake yi."

Fuskarsa ta washe. "Madalla! Shanu ko tumaki?"

"Ƙwayoyin zazzaɓi. Horar da su muke yi har su daina jin magani. Akwai waɗanda na yi wata takwas ina fama da su, yanzu ko gezau ba sa yi." (Wallahi har da murmushi na faɗa, kamar mai nuna bijiminsa a kasuwar shanu.)

Baffa ya yaye bargo, ya ƙura min jajayen idanu.

"Sati biyu ke nan ina kwance, na sha magani kala uku bai sake ni ba. Ashe naka ne ya tsinke?"

Na shiga rantse-rantse cewa namu a kulle suke, ko ƙofa ba sa leƙawa. Ɗaya daga cikin ƙannensa ya ce, "Haka kowane makiyayi ke cewa in an kama shanunsa a gonar mutane."

Suka kwashe da dariya, ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Washegari na lallaɓa shi muka je asibiti, gwaji ya nuna taifot ne. Ya warke, aka ba ni Hauwa'u. Sai dai har yau duk dangin, har da 'yan Bobi da ban taɓa gani ba, Arɗon Sauro suke kirana.

Yanzu in dattijo ya tambaye ni sana'a, "aikin asibiti" nake cewa, in ja bakina in tsuke.