Ranar da Na Kashe Shugabanmu

Ƙungiyarmu ta masu lambu a Madarumfa na da manhajar wani kamfani, mai aika kiran taro ta salula. Na ce zan ƙara mata sanarwar rasuwa ba tare da na taɓa cikinta ba.

"Ka gwada kuwa?" in ji Alhaji, shugabanmu.

"Baba, abin da na karanta ke nan."

Ashe a cikin manhajar sunan tsohon aikin, na kiran taro, na ba sabon, sai sabon ya danne shi. Da Alhaji ya kira taro, sai saƙon ya fita da sunansa a matsayin mamaci, kowa ya samu labarin rasuwarsa. Ƙanwarsa ta taho daga Gabi tana kuka, ta iske shi yana ban ruwan albasa. Ranar aka karɓe aikin daga hannuna.

Har yau in na shigo kasuwa sai a ce, "Ku ɓoye lambobinku, ga Azara'ilu nan!"