Rasuwar Gurguwa, Kujerar Ƙofar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gadon baya mai cike da ciwo, ni Malam Zakari ɗan Damagaram, mai shagon shayi da sukari a unguwar Sersouf ta nan Tamanrasset, ƙasar Aljeriya, a madadin iyalina Gwamma da 'yarmu Rakiyatu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kujerarmu ta ƙarfe, wadda unguwa ta sani da suna Gurguwa. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a rumfar Khamisu mai walda, bayan gajeriyar jinya. Na tambayi liman ko ya halatta in buɗe wannan sanarwa da kalmomin da ake buɗe ta mutane, ya ce in ji tsoron Allah. Na ji, shi ya sa na bar kalmomin a cikina.

Kada wani ya ce tsufa ne ya taɓa ni. Tun da ɓarin jikin Gwamma na dama ya shanye, babu wani mazauni a duniyar nan da take iya tashi daga kansa da kanta, ba a kama ta ba, sai wannan kujera. Wanda ya san Gwamma ya san cewa gara ta kwana da ƙishirwa da ta ce wa mutum ya ɗaga ta. To yanzu tana kwance a tabarma a ƙuryar ɗaki, kuma ban san abin da zan yi ba.

Ga wanda bai taɓa ganin marigayiya ba, bututun ƙarfe ne aka lanƙwasa. Ya kwanta a ƙasa, ya miƙe ta gaba ya zama ƙafafu biyu, ya koma baya ya zama mazauni, ya sake miƙewa ya zama majingina. Sai katako biyu na ɗora hannu. A baya ba ta da ƙafa ko guda, iska ce kawai. In ka zauna sai ta ɗan rusuna ta karɓe ka, in ka yunƙura za ka tashi ta ɗan tura ka gaba. Ba zane a jikinta, ba sassaƙa, ba tulin auduga. Iyakar adonta ke nan, aikin da take yi.

Ban san iyayenta ba. A bayan wani tsohon otel na same ta, inda masu zuwa hawan dutsen Assekrem ke sauka a da, an jibge ta cikin karyayyun gadaje ana gyaran wurin. Mai gadi ya ce in ɗauka in rage masa shara, ai ga shi nan ƙafafun baya sun ɓace. Ni ma a lokacin haka na zata. Sai daga baya, da Rakiyatu ta yi nisa a karatun lekkol, ta ɗauki hotonta da waya ta bincika mana salsalarta. Ashe 'yar dangi ce. Kakanninta a Turai aka haife su, can wajen Jamus, shekara kusan ɗari da suka wuce, lokacin da wasu magina da maƙera suka gaji da kujerun attajirai masu ƙafar zaki da nauyin ɗan maraƙi. Suka ce aikin abu shi zai yanke masa siffa, duk abin da ba ya aiki a cire shi. An ce wani cikinsu ƙahon kekensa ya duba, wani kuma bututun gas ya harhaɗa. Suka cire ado, suka cire zane, suka cire auduga, suka cire ƙafafun baya. Ina jin da ba a kira su cin abinci ba da har mazaunin sun cire.

Marigayiya ta sha wulaƙanci a farkon zamanta da mu, ta kuma yi haƙuri. Baƙo ya gwammace ya tsuguna a ƙasa da ya ba ta amanar bayansa. Wani dattijo daga Maradi da na matsa wa ya zauna, sai da ya sa aka kawo bulo aka tokare ta ta baya, ya sha shayinsa yana riƙe da ƙyauren shago. Wata maƙwabciya ta ce abin da ya tsaya ba ƙafa, to akwai mai riƙe da shi da ba a gani, ta hana jikokinta kusantarta. A nan ta samu sunan Gurguwa. Ba ta taɓa kayar da kowa ba, har da waɗanda suka cancanta.

Ta yi zaman shago da ni shekaru masu yawa. Da sanyin Tamanrasset ya sauko, ƙarfenta kan yi sanyin da ke cizon hannu, amma da rana ta ɗaga sai ta huce, ba ta riƙo. Saƙar mazauninta ta asali ta tsinke, na sa aka sake da igiyar roba, ta tsinke, wani Buzu mai aikin fata ya saƙa mata tsirkiya, ba ta nuna bambanci ba. Ba ta da surutu. Maganarta biyu ce duk rayuwarta. In an zauna ta ce “ƙiii”, a hankali, kamar mai amsa sallama daga cikin ɗaki. In an tashi ta ce “ɗas”.

Babban aikinta ya zo ne bayan ciwon Gwamma. Da aka sallamo ta daga asibiti, mun gwada ta a gado, mun gwada ta a benci, mun gwada ta a farar kujerar roba irin ta gidan biki. Ko'ina sai an sa hannu a hammatarta an ciccibe ta, ita kuwa ta kau da fuska ta yi shiru, shirun da na fi tsoro a kan faɗanta. Wata rana na kawo Gurguwa gida don in gyara saƙarta, na bar ta a tsakar gida, muka zaunar da Gwamma a kai kafin a shimfiɗa tabarma. Ina cikin ɗaki na ji “ɗas”. Na leƙo na iske matata a tsaye, hannun hagu a kan katakon, tana haki tana hararata, wai me nake kallo. Ta gano da kanta cewa in ta yi lilo baya, ta dawo gaba, kujerar na ba ta ɗan turin da ƙafarta ta daina ba ta. Daga ranar ban sake zama a kanta ba, a kan buhun sukari na ƙarasa kasuwancina.

Da taimakon Gurguwa, Gwamma ta koma ƙofar gida. Ta jera kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin da ake kawo mata daga gida, matan unguwa na saye, samarinmu masu aikin gini na biyowa da yamma su ce Inna a auna mana na miya. Ta tashi ta auna, ta zauna. In an kira salla ta tashi, ta dafa bango ta shiga. In lalura ta kama ta, ta tashi ta tafi abinta, ba wanda ya san inda za ta, kuma wannan shi ne babban abin, duk wanda ya yi jinya ya san abin da nake nufi. Mutane suka daina kiran kujerar da sunanta don kunya. Gwamma kaɗai ta ci gaba, takan ce, “Ku bar mu, gurguwa ce ke goyon gurguwa.”

Ciwon ajali ya fara mata ne a gwiwar hagu, daidai inda ƙarfen ya lanƙwasa ya bar ƙasa. Muryarta ce ta fara canzawa. “Ƙiii” ɗin ta koma “ƙaƙ”, gajeriya, mai kaushi. Gwamma ta ji tun kafin ni, ta ɓoye mini, tana lallaɓa ta wajen zama. Da na duba na ga tsaga siririya kamar gashi, tsatsa ta ci ta daga ciki. Na kai ta wurin Khamisu, ɗan ƙasarmu ne daga Agadas, mutumin kirki, shi ke yi wa rabin unguwar nan ƙofofi da tagogi. Na ce ya taimaka ya ɗinke tsagar, na koma shago.

Khamisu ya ɗinke tsagar. Da ya gwada zama ya ga ɗinkin ba zai ɗauki mutum ba, sai tausayi ya kama shi. Ya tuna mai zama a kanta, ya ce ba zai bar Inna ta faɗi ba yana raye. Ya yanko ƙarfe mai kauri, ya yi wa marigayiya ƙafafu biyu a baya, ya goge, ya shafa fenti. A kansa ya ɗauko ta har gida, yana murna, yana cewa yau dai ya cika mata abin da Turawa suka manta. Muka zaunar da Gwamma. Kujera ba ta ce komai ba. Gwamma ta yi baya, ba ta bi ta ba. Ta yi gaba, ba ta tura ta ba. Ta sake, ta sake, har zufa ta keto mata, sannan ta sauke hannunta a cinya ta dubi ƙasa. Garin neman gira aka rasa ido. Gurguwa ta samu ƙafa huɗu ta rasa rai.

Na roƙi Khamisu ya cire ƙafafun. Ya ce zai cire in na ce, amma wuta ta riga ta cinye lanƙwasar, ƙarfen ya daina komawa inda ya fito, in aka bar shi da ƙafa biyu zai karye da mutum a kai. Ya zauna a bakin ƙofarmu ya ƙi tafiya, har Gwamma ce ta aiko daga ciki a ce masa ya tashi ya tafi aikinsa, Allah ya yi masa albarka. Ina shaida wa jama'a cewa ba mu riƙe shi da komai ba. Da ma akwai wanda za a riƙe, da na samu sauƙi.

Marigayiya ta rasu ta bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne da ba su ƙirguwa. Suna nan a buro-buro, wato ofisoshi, a ɗakin jiran likita, a filin jirgi, a shagunan kayan ɗaki na bakin titi, wasu daga Sin, wasu daga Turkiyya. Rakiyatu ta ce zuriyar ta wuce kujeru. Ta ce sababbin benayen da samarinmu ke ginawa, masu faffaɗan taga da bango ba ado, dangi ne, haka fararen akwatunan kicin marasa mariƙi, har wayar da ke hannunta, wadda ba komai a fuskarta sai gilashi, 'yar'uwa ce ta wajen uwa. Na ji daɗin jin haka, na ɗauka cikin dangi mai yawa irin wannan ba za a rasa magaji ba.

Na zaga gari. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ni na ga masu rarrafe. Ta farko da na kawo kamarta ɗaya da marigayiya, har ta fi ta sheƙi, amma ƙarfenta siriri ne, ta rusuna ta ƙi dawowa. Wata ta yi ƙasa da yawa, an yi ta ne don mai miƙe ƙafa yana kallon talabijin. Wata ba ta da wurin ɗora hannu, mai shagon ya ce haka ake yayi yanzu, ya fi kyau a hoto. Wani ɗan Aljeriya mai kirki ya ba ni aron ta buro mai taya, Gwamma ta yunƙura kujerar ta gudu ta bar ta, Allah ya sa ina tsaye a bayanta. Kama da wane ba ta wane. Kakanninsu sun cire ado don aiki ya fito, su kuma sun mai da rashin adon ado, aikin ya bi ruwa. Bayan ta mai taya Gwamma ta ce, “Malam, ya isa, kada ka sake kawo mini wata.” Rakiyatu ta ce har yanzu ana ƙera na ainihi a Turai. Na ce ta kashe wayar, Turai ba ta san hanyar Sersouf ba.

Ga yadda muke yanzu. Rakiyatu tana gidan mijinta a Silet, tana zuwa in ta samu mota. Sauran kwanaki ni ne. Ina rufe shago in zo in ɗaga ta, in koma, in sake rufewa in zo, bayana yana ƙara irin ta marigayiya a kwanakinta na ƙarshe. Gwamma ta rage shan ruwa don kada ta riƙa kirana. Na gane, na yi mata magana, ta ce ba ta jin ƙishirwa. Kayan miyarta na nan a rufe cikin kwalla. Ina tsoro, kuma ban da dabara.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidanmu da ke bayan gidan burodi. Ba wanka, ba likkafani, ba salla, liman ya riga ya yi magana. Mai sayen tsofaffin ƙarfe zai zo da kurarsa ya tafi da gawar, ba a buƙatar masu rakiya. Kada kowa ya kawo kujera, akwai tabarmi. Mata masu ta'aziyya su shiga ciki, nan mai amsar gaisuwar take. Sai dai Gwamma ta ce ba za a fitar da Gurguwa ita tana kwance a ɗaki ba, sai ta zo bakin ƙofa ta ga tafiyarta. Na ce mata ba hanyar da za ta kai ƙofa sai a hannuna, gaban mutane. Ta ce ta sani.

Saboda haka ina roƙon duk wanda zai halarta, babba da yaro, alfarma ɗaya. In kuka ga an ɗaga labule na fito da ita, kada wanda ya taso ya taimaka, kada wanda ya ce sannu. Ku dubi ƙasa har in ajiye ta.