Kaka Dalima Ta Shiga Lissafin Tafiya

Da aka idar da sallar asuba a ƙauyenmu da ke gindin dutsen Sago, Kaka Dalima ta buɗe wa agwaginta suka gangara gonar shinkafa, ta baza ɓawon kirfa a kan tabarma don ya sha rana, sa'an nan ta hura itace ta ɗora babban kasko. Naman randang za ta yi, wanda ake juyawa cikin madarar kwakwa da barkono tun safe har ya ƙafe ya yi baƙi, ya zama guzurin da ba ya lalacewa.

A wajenmu gida na mace ne, hanya kuwa ta namiji. Ta dafa wa mijinta Darwis irin wannan guzuri, ta dafa wa 'ya'yanta maza da samarin dangi, amma ita ba ta taɓa wuce kasuwar Payakumbuh ba. Darwis ya tafi fataucin yadi, ya rasu a Bima da ke tsibirin Sumbawa, aka binne shi a can. Labari kawai ya iso mata, ba ta taɓa ganin kabarin ba. Yanzu jikanta Irsal ya gama karatu, ya sayi jakar goyo, zai yi yawon watanni zuwa tsibiran gabas, kuma hanyarsa ta Bima za ta bi. Tun da ta ji haka ta ƙudurta cewa tare za su tafi. Abin da ya rage shi ne mai jakar ya yarda, shi kuwa bai ma san da zancen ba.

Hantsi na dubawa ya shigo, jaka a baya, asusunsa na gora a hannu.

"Lafiya lau na kwana, sai yanzu da na gan ka ido ya fara yi mini ciwo," in ji Kaka Dalima. "Wannan wace irin shiga ce? Miji da goyo kamar mai jego?"

"Ke dai ki amsa gaisuwa sosai, tsohuwa."

"Angon da ba ya kawo cefane, rabin amsa ce rabonsa."

"Cefanen me? Haƙori biyu ya rage miki, su ma ba sa gaisawa da juna."

"Su biyun sun ci naman da kai ko a mafarki ba ka gani ba. Me ya kawo ka?"

"Aron adda. Yau zan fasa asusu."

Ta nuna masa addar da haɓa. Ya tsaga gorar, kuɗin da ya tara da hayar babur suka zube a tabarma, rupiya sababbi da waɗanda suka sha gumi. Ya zauna ya raba su kaso uku cikin natsuwa, ita kuma tana juya kasko tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Wannan na mota da jirgin ruwa, zuwa da dawowa," in ji shi. "Wannan na abinci. Wannan kuma na makwanci, ranar da ruwan sama ya hana ni kafa tanti."

"Maimaita na biyun."

"Na abinci."

"Wato za ka ba mutane kuɗi su ba ka shinkafa."

"Haka duniya take yi, Kaka."

"Jikan Dalima, ɗan ƙabilar Minang, zai shiga gidan abinci ta ƙofar gaba, ya harɗe ƙafa, ya ciro kuɗi. Allah ya jiƙan Darwis, gara da bai ga wannan rana ba."

"To ta taga zan shiga?"

"Ta ƙofar baya, shashasha. Daga nan har inda ƙasa ta ƙare, su wa ke sayar da abinci a bakin hanya in ba mutanenmu ba? Ka naɗe hannun riga, ka yi sallama da harshen gida, ka faɗi danginka, ka kama wanke-wanke. Wa zai karɓi kuɗinka?"

"Sai su ce ga ɓarawon cokali ya zo."

"Kai kam za su ce, don fuskarka ba ta yi maka shaida. Amma in tare muka shiga, kujera za a kawo."

Irsal ya ɗago kai. "Tare da wa?"

Kaka Dalima ta juya muciyarta, ta sa ƙotar ta jawo kaso na biyu da na uku zuwa gabanta.

"Waɗannan kuɗin motata ne. Bima za ka kai ni in ga inda kakanka yake kwance."

Ya yi dariya har ya kwanta a kan jakarsa. Da ya ga ba ta taya shi ba, sai ya tashi zaune.

"Kaka, ni yawon duniya zan tafi, ba rakiyar asibiti ba."

"Ni ma ban ce ka goya ni ba. Goyo ɗaya ma ga shi ya sa ka haki."

"In kin kwashe na abinci da na makwanci, iska za mu ci? A kan bishiya za mu kwana?"

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A Palembang akwai Yusnidar. A nan inda kake zaune ta koyi juya kasko, ta ƙona mini shi har na gaji da kankarewa, yau gidan abinci biyu gare ta. A Bandung akwai ɗan ƙanen kakanka, wanda bai taɓa fita garin nan ba tare da guzurina ba. A Surabaya akwai yaron da na yi jinya lokacin da ya faɗo daga itacen kwakwa, yanzu tumbinsa ya fi kaskon nan. Ka ce mini su za su bar ni in kwana a tasha?"

"Na ji. Bayan Surabaya fa? Can ba ki san kowa ba."

"Bayan Surabaya ba a cin abinci? A ba ni kwakwa da barkono da wuta. Kafin azahar mai gidan zai zo yana tambayata ko ɗakin sama nake so ko na ƙasa. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Tsohuwar zuma ba ta minshari. Ke kuwa in kika fara a jirgin ruwa, matuƙi zai ɗauka inji ne ya lalace."

"Gara ni, barci nake yi. Kai da amai ke kamawa a kan gadar ƙauye."

Irsal ya miƙa hannu ya dawo da kason biyu gabansa, ya duba su, ya kwatanta da na farko. Yaro ne da ba ya wasa da lissafi, shi ya sa ma asusunsa ya cika.

"Ko na yarda, bai kai ba. Zai kai ki Bima, ya dawo da ke rabin hanya. Sai in bar ki jingina a Bali."

"Wa zai karɓi jinginar da ta fi ƙarfin garinsu? Juya ka dubi tabarmar can."

Ya juya ya ga ɓawon kirfa ya nannaɗe a rana, ja wur, ƙamshinsa ya cika tsakar gida.

"Na wane itace ne?"

"Na bayan gida."

Irsal ya sake duban ɓawon. Duk ƙauyen an san wannan itace. Ta shuka shi shekarar da ta haifi uwar Irsal, kuma ko lokacin da rufin gidan ya yi ta yoyo, 'yan kasuwa suna zarya, ba ta yarda an sa masa gatari ba.

"Yaushe kika sa aka sare shi?"

"Ranar da ka sayo wannan jaka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kai kana tara naka a cikin gora, ni nawa a tsaye yake yana shan ruwan sama."

"Amma ke muguwar tsohuwa ce."

"Na gode. Sai wace hujja?"

"Dutsen Rinjani zan hau a Lombok. Kwanaki ake yi a kansa."

"Ka hau mana. Ina ƙasa ina jiranka. In ka gangaro ba shiri, gara a sami wanda ya san sunanka."

"Ni da na so in je inda ba wanda ya san ni."

"A nan ɗin wa ya san ka? In ba a ce jikan Dalima ba, ko agwagina ba su waiwayarka."

"Kawu Bustami fa? Kin san shi ne mai faɗa a ji a gidan nan. Fatata zai jeme."

"Ni na haifi Bustami, ni na share masa majina. Kowace shekara sai ya ce in bari sai baɗi, zai sa ni a jirgin sama. Baɗin nan ta tsufa, ta fi ni furfura. Kuma ni ba ta sama nake so ba. Ta hanyar da Darwis ya bi nake son bi, in ga ruwan da ya ƙetare, in zauna a tashar da ya zauna. Gida kuwa ga uwarka nan, lokaci ya yi da za ta san nauyin makulli."

Irsal ya sosa ƙeya. Ya dubi jakarsa, sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci mafita.

"To sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga jaka nan, kayan mutum ɗaya ne kawai. Ki kai ta masallaci ki dawo. In kin ajiye ta a hanya, zance ya mutu."

"In na dawo fa?"

"Sai mu sake zama."

"Riƙe muciya. In ka ƙona mini nama, sakinka zan yi a gaban liman."

Ya ɗaga jakar yana nuna mata inda ake zura hannuwa da inda ake ɗaure ƙugu. Ba ta ko dubi igiyoyin ba. Ta naɗe tsohon zane ta yi gammo, ta ce ya ɗora mata a ka.

"Kaka, ba a haka ake ɗaukarta ba. Masana ne suka tsara ta don baya."

"Masanan sun taɓa ɗauko damin shinkafa daga fadama? Ɗora."

Ya ɗora. Ta gyara wuya sau ɗaya, ta saki hannuwa, ta fita. Hanyar masallaci hawa ce, ga santsin ruwan jiya. Irsal yana juya kasko yana leƙe ta katanga, yana ganin jakar tana tafiya a saman shingen mutane ba ta ko karkata, igiyoyinta suna reto. A kowace ƙofa sai jakar ta tsaya kaɗan, sa'an nan ta ci gaba.

Da ta dawo, akwai nonon ayaba a kan jakar, ga ƙullin gahawa a hannunta. Numfashinta ya ɗan yi sama, amma sai da ta tsaya a tsakiyar gida ta juya sau ɗaya kafin ta ce ya sauke.

"Wannan fa?"

"Guzuri. Matar ladan ce ta ba da ayabar. Na yi sallama da kowa, na ce mijina zai kai ni Bima."

"Kin gaya wa gari kafin in yarda?"

"Liman ma ya yi mana addu'a. In kana da ƙarfin hali, je ka ce masa ya janye."

Ta karɓi muciyarta ta ɗanɗana naman, ta ce bai ƙone ba, amma ba don iyawarsa ba ne. Irsal ya zauna a bakin tabarma. Wannan karon da ya yi magana, babu wasa a muryarsa.

"Kaka, hanyar nan da nisa. In wani abu ya same ki a can, me zan ce wa uwata?"

"Ka ce mata na isa. Ka sa ni kusa da Darwis, ka ga kuɗin dawowata ya zama ribarka. Wane abokin tafiya ne zai yi maka wannan rangwame?"

Ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa, ya sa bayan hannu ya goge ido yana cewa hayaƙin itacenta ne.

"Ban yarda da wannan riba ba. Zuwa da dawowa zan ware miki, kuma sai kin dawo kin biya ni ladan dako."

"Ka ji marowaci. To ka yarda ke nan?"

"Na ga ta kaina dai. Miƙo ƙafa."

Ya zaro tsinke daga tsintsiya, ya durƙusa a gabanta, ya cire mata silifas ɗin da ya sha ɗinki.

"Yau dai ango ya durƙusa."

"Awo nake yi. Wannan silifas ko Palembang ba zai gani ba. Zan mayar wa mai kanti tantinsa in karɓo miki takalmi, tunda matata tana da ɗaki a kowane gari."

"Ja nake so."

"Baƙi za ki samu."

"Ja. In Darwis ya ji tafiyata, ya san ban zo a wulaƙance ba."

Ya shimfiɗa tsinken daga diddige zuwa babban yatsa, ya kama wurin da zai karya. Ta dafa kansa.

"Ƙara kaɗan. Ƙafa tana kumbura a hanya, kakanka ne ya gaya mini."

Irsal ya ƙara faɗin yatsa ɗaya, sa'an nan ya karya tsinken.